Kundin Aikin Samar wa Man Gyaɗarmu Suna da Tambari

6 ga Oktoba, 2025

Yau muka fara aikin da aka daɗe ana ɗagewa, wato tsayar da abin da sana'armu ta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli za ta zama sananniya da shi a wurin mai saye, kafin a shiga zancen suna, tambari da takardar da za a manna a jikin roba. Sana'ar ta faro ne a hannun Inna da kaskon suya da turmi, yanzu kuwa akwai injin matsa, akwai mata masu tsince da suya, kuma kantuna a Tarauni da Hotoro da Gwale a nan Kano suna karɓar kayanmu duk mako. Duk da haka man yana fita ne a jarkoki da robobin ruwa da aka wanke, babu rubutu ko ɗaya a jikinsu. Mai kanti ya san mu, amma matar da ta saya a wurinsa ta ji daɗin miyarta ba ta da hanyar da za ta nemi irinsa gobe. Idan kantin ya sauya mai kawo masa kaya, mun rasa ta ke nan, ita ma ba za ta san abin da ya faru ba.

Na tsara aikin a kan cewa ba za a kira mai zane ba sai mun iya faɗin alkawarinmu a jimla ɗaya wadda kowa a gidan nan ya yarda da ita. An ware Naira 450,000 ga wannan mataki, ban da kuɗin rajistar hukumomi.

11 ga Oktoba

Na shafe makon nan ina zagayawa wurin waɗanda suka daɗe suna sayen manmu, ina yi musu tambaya guda: me ya sa suke dawowa alhali namu ya fi na kasuwa tsada? Ban ba kowa zaɓin amsa ba, domin ina son in ji abin da zai fito daga bakinsu.

Wata mai ƙosai da ta fi shekara uku tana karɓa a wurinmu ta ce manmu yana da auki, kwalba ɗaya tana kai ta inda ɗaya da rabi na wani ba ya kaiwa. Matan gida sun fi ambaton ƙamshi. Wani mai tsire ya ce abin da ya riƙe shi shi ne garin ƙulinmu ba ya ɗaci. Amma amsar da ta fi maimaituwa, daga bakin masu kanti da masu girki baki ɗaya, ita ce sun amince ba mu gauraya shi da wani mai. Wasu sun ce suna gane gaurayayye ne da hunturu, lokacin da yake barci a ƙasan roba. A kasuwa kusan duk farin mai man gyaɗa ake ce masa, ko na waken suya ne ko na ƙwaƙwar manja da aka tace, shi ya sa mai son na ainihi yake cewa a ba shi man ƙuli, kuma ko da ya faɗi hakan ba shi da tabbacin abin da aka zuba masa.

Ƙorafe-ƙorafen ma na rubuta su. Man yana kumfa idan aka fara ɗora shi a wuta. Wani lokaci ana samun laka a ƙasan jarka. Sannan awon bai cika zuwa daidai ba, domin robobin da muke amfani da su ba girmansu ɗaya ba.

14 ga Oktoba

Sabuwar gyaɗa ta fara shigowa Dawanau. An sayo buhu goma sha biyu, an shanya. Babu wani aikin suna a yau.

19 ga Oktoba

An yi zama mai tsawo da Yaya, wanda ke riƙe da kuɗin sana'ar, kuma zaman ya yi zafi. Shawararsa ita ce mu fito da mai kala biyu a ƙarƙashin suna ɗaya: tsantsa ga masu hali, da wani wanda za a haɗa da farin man kamfani domin ya yi araha ga masu tuya da ƙananan kantuna. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Gyaɗa kusan rabin nauyinta mai ne, amma injin matsa irin namu ba ya fitar da shi duka, wani kaso yana zama a cikin tunkuza, saboda haka ribar lita ɗaya ba ta da yawa, kuma da zarar gyaɗa ta yi tsada bayan kaka ribar tana ƙara ƙanƙancewa. Ya ce in dai za a rubuta gaskiya a jikin robar cewa haɗi ne, babu algus a ciki.

Na yarda babu algus, amma na ƙi shawarar. Abin da mutane suka gaya mini a makon jiya shi ne sun saya ne saboda sun tabbata gidan nan ba ya haɗi. Ranar da suka ga sunanmu a kan robar da aka haɗa, ko da an rubuta da manyan baƙaƙe, tambayar da za ta zo musu ita ce ko ɗayar ma an taɓa ta. Yawancin masu sayenmu ba sa karanta ƙananan rubutu, launi da siffar roba suke ganewa, kuma yaron kanti ba zai tsaya yana yi wa kowa bayanin bambancin ba. Za mu sami 'yan sari na wata uku, mu rasa abin da Inna ta shekara da shekaru tana ginawa.

Inna ta saurare mu har muka gama, sannan ta ce wa Yaya, “Babba, in kana son sayar da farin mai ka buɗe shagonka ka sayar, ba na hana ka. Amma wanda ya fita daga injin nan gyaɗa ce kaɗai.” Yaya bai ji daɗi ba, sai dai ya amince bisa sharaɗin cewa za a fito da ƙaramar roba ta rabin lita domin mai ƙaramin ƙarfi ya iya saye. Wannan sharaɗin ya fi shawarar farko amfani, kuma na sa shi cikin tsari.

23 ga Oktoba

An rubuta jigon a takarda ɗaya, an manna a bangon ɗakin injin. Ga abin da ya ƙunsa: manmu na gyaɗa ne zalla, muna sanin inda gyaɗar ta fito, kuma awonmu cikakke ne. Waɗanda muke nufi da kayan su ne matar gida da mai sana'ar tuya da suka gaji da sayen abin da ba su san asalinsa ba. Ba za mu yi gasar araha da kowa ba, ba kuma za mu nuna kanmu a matsayin kayan masu kuɗi ba. Duk wani abu da za a yanke daga yau, launi ne ko farashi ko irin kantin da za a kai wa, sai an auna shi da wannan takarda.

Taken da muka fara ɗauka shi ne “Gyaɗa zalla, ba a ƙara komai ba.”

28 ga Oktoba

An shiga batun suna. Sunaye irin su Albarka, Alheri da Nasara sun fito a jerin kowa, amma zagaye ɗaya a Kasuwar Singa ya isa ya nuna cewa sun cika jikin buhuna da ledoji da katan-katan, ba za su bambanta mu da kowa ba. Mun tsaya a kan sunaye uku. Da aka bincika a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, sai aka tarar na farkon, wanda kowa ya fi so, wani ya riga ya yi rajistar mai kama da shi ƙwarai. An shigar da na biyu, an kuma amince da ajiye mana shi. Ba zan rubuta shi a nan ba sai an shigar da takardun alamar kasuwanci.

Lauyar da ke taimaka mana ta yi mini bayanin da ya sauya lissafina. Rajistar CAC tana ba mutum damar yin kasuwanci da suna ne kawai, ba ta hana wani buga sunan a jikin kayansa. Abin da ke kare suna da tambari a jikin kaya shi ne rajistar alamar kasuwanci, wadda ake yi a ofishin rajistar alamu da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. A rabe-raben kayan da ake yi wa wannan rajista, man girki yana rukuni na 29. Ana fara bincike, a shigar da buƙata, a sami takardar amincewa, sannan a wallafa alamar a mujallar ofishin, a ba da wata biyu ga duk mai ja. Rajistar farko tana ɗaukar shekara bakwai, bayan nan ana sabuntawa duk shekara goma sha huɗu. Ta kuma ja kunnena cewa kalmar da ke siffanta kaya kawai, kamar “tsantsa”, ko sunan gari, da wuya a mallaka wa mutum ɗaya, saboda haka ƙarfin karewar zai kasance a kan sunan da zanen tare.

2 ga Nuwamba

An biya lauya Naira 60,000 kafin alƙalami. An auna sababbin robobi na lita ɗaya da rabin lita daga wurare biyu. Na wuri ɗaya suna lotsewa idan an jera su a katan, an ajiye su.

7 ga Nuwamba

Mai zane ya kawo samfuri uku. Biyu daga ciki dalar gyaɗa ce a tsakiya, kuma na fahimci dalilinsa. Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912 gyaɗa ta zama babbar hajar garin nan, attajirai irin su Alhassan Dantata suka yi suna a cinikinta, dalar buhunan kuma ta zama hoton da duniya ta san Kano da shi, har fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka durƙusar da harkar. Tarihi ne da nake alfahari da shi. Amma waccan gyaɗar ta fitarwa waje ce, ba ta faɗin komai game da abin da ke cikin robarmu, kuma masu mai da yawa sun riga sun ɗora hoton a kayansu. Na roƙe shi ya ajiye ta.

Samfuri na uku ƙwayar gyaɗa ce guda da aka ɓare, ɗigon mai yana fita daga gare ta. Shi ne ya dace da takardar da ke bango. Na nemi a rage launuka zuwa biyu, ja irin na ɓawon gyaɗa da ruwan ƙwai, domin bugu ya yi sauƙi kuma a iya gane robar daga bakin ƙofar kanti. Na kuma nemi a bar mafi yawan jikin robar a buɗe, tunda mai saye yana son ya ɗaga ta sama ya ga launin man da idonsa. Rubutun zai kasance da Hausa da Turanci, kuma na dage a kan a yi amfani da haruffa masu ƙugiya daidai, kada a rubuta “gyada” a jikin kayan da Bahaushe ya yi.

Mai zanen ya kawo shawarar a rubuta cewa man ba shi da kolestarol, wato wani nau'in kitse da ke taruwa a jini, kamar yadda ake gani a wasu robobin. Na ƙi, domin wannan siffa ce ta man tsirrai gaba ɗaya, ba fifikon namu ba ne, kuma alkawarin da aka gina a kan gaskiya bai kamata ya fara da burga ba. Kuɗin zanen Naira 85,000 ne, an ba da rabi.

13 ga Nuwamba

Taken da muka zaɓa ya rushe. Da muka zauna da wanda ke shirya mana takardun NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ya tuna mana cewa a Nijeriya wajibi ne a ƙara sinadarin bitamin A a man girkin da ake ƙullawa don sayarwa, kamar yadda ake yi wa sukari da fulawa, kuma kayan da aka yi wa hakan suna ɗauke da alamar ido a jikinsu. Ke nan ba za mu iya rubuta “ba a ƙara komai ba” mu kuma bi doka a lokaci guda ba.

Inna ta fara nuna damuwa, tana ganin kamar haɗin da ta hana ne ya dawo ta bayan gida. Na yi mata bayanin cewa abin da ake ƙarawa ɗan kaɗan ne, ba ya sauya ɗanɗano ko ƙamshi, kuma an wajabta shi ne saboda ƙarancin wannan sinadari yana cutar da idon yara da ƙarfin jikinsu. Ta ce in dai don yara ne kuma za a rubuta a fili, ta yarda. An mayar da taken “Man gyaɗa zalla, ba haɗi da wani mai.” Ya fi na farko tsawo, bai kai shi daɗin faɗi ba, amma kowace kalma a cikinsa za mu iya tsayawa a kanta.

An kuma ba mai zane jerin abin da dole ya fito a takardar: sunan kaya, abin da ke ciki, yawan awo, ranar yi da ranar ƙarewar inganci, lambar rukunin da aka matse, adireshin wurin aiki da gurbin lambar NAFDAC. Wannan ya cinye fili, sai da aka ƙara wa takardar tsawo ta baya. A nan ne aka sa layi ɗaya game da kumfa, cewa mai ne da ba a tace da sinadari ba, a fara soya shi da albasa kamar yadda aka saba.

18 ga Nuwamba

Wannan ce rana mafi nauyi tun fara aikin. Cikin buhunan da wani dillali ya kawo a makon jiya, masu tsince sun tarar da huɗu da ɗanshi a tsakiya, ƙwayoyi da yawa sun yi baƙi, wasu sun yi fumfuna. Saman buhunan lafiya lau yake. Irin wannan fumfunar ce ke haifar da gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Haɗarin ya fi yawa a ƙuli-ƙuli, domin gubar ta fi zama a cikin tunkuza, ga shi kuma yara ne suka fi cin ƙuli.

An ware buhunan huɗu gaba ɗaya, ba a matse ko ƙwaya ba. Dillalin ya karɓi biyu, ya ƙi karɓar sauran da hujjar cewa an riga an buɗe su, asarar ta hau kanmu. An kai samfurin man da ƙulin da aka yi daga sauran buhunan wani ɗakin gwaji, an biya Naira 48,000.

Abin da ya fi damuna shi ne sashe na biyu na takardar bango, inda muka ce muna sanin inda gyaɗarmu ta fito. Muddin daga hannun dillali muke saye, buhu ɗaya zai iya ƙunsar gyaɗar gonaki biyar. Ko dai a cire wannan magana, ko a gyara hanyar saye. Mun zaɓi gyarawa. Kawu, wanda ke noma a ƙauyenmu, zai haɗa mu da manoma kaɗan da za mu riƙa saye a wurinsu kai tsaye, bisa sharaɗin a shanya a kan tamfol, ba a ƙasa ba, kuma a bar ta ta bushe sosai kafin a zuba a buhu. Don damina mai zuwa za mu nemo musu iri mai kyau daga cikin nau'o'in SAMNUT na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da kuma Aflasafe, maganin da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, wanda ake watsawa a gona kafin gyaɗa ta yi fure domin rage gubar. Kafin wannan tsari ya kankama, ba za a buga maganar asalin gyaɗa a jikin roba ba.

24 ga Nuwamba

Sakamakon gwaji ya fito, samfuran biyu ba su wuce iyakar da aka yarda da ita ba. Alhamdu lillahi.

Takardun manne na gwaji kuwa ba su yi ba. An buga ɗari biyar a kan takarda mai sheƙi, Naira 45 kowace ɗaya. Da aka manna aka cika robobin, ɗan man da ya zuba a wuya ya gangaro ya jiƙa takardar, ta yi dabbare-dabbare, gefenta ya fara ɗagowa kafin kwana biyu. Jan da muka zaɓa ma ya fito kamar ruwan goro. Maɗaba'ar ta ce haka injinta ke fitar da shi. An tafi wata maɗaba'ar da ke bugawa a kan leda mai manne wadda mai ba ya ratsawa, Naira 110 kowace ɗaya, kuma an yi sharaɗin sai na ga samfuri na sa hannu a kan launin kafin a buga da yawa. Naira 22,500 ta tafi a kan na farkon.

28 ga Nuwamba

An ɗinka sabon ƙyallen tata, an kuma fara barin man ya kwanta kwana uku a duro kafin a ɗura. Lakar ta ragu sosai. An sayi ma'auni domin ɗuri ya daina zama na ƙiyasi.

4 ga Disamba

Na kai robobin gwaji kantunan da muka fi hulɗa da su, ba don sayarwa ba, don a gani a faɗi ra'ayi. An yaba launin da yadda man ke bayyana. Wata Hajiya da ta shigo sayayya ta ɗaga robar ta karanta taken da ƙarfi, ta tambayi ko da gaske ne. Mai kantin ya ce mata man da ta saba saye ne aka yi wa riga.

Wani dattijon mai kanti ya kawo abin da ba mu yi tunaninsa ba. Ya ce, “Ɗana, robar nan ta yi kyau da yawa. In ta ƙare, masu tsintar roba za su sayar da ita, wani ya cika ta da nasa ya sayar da sunanku.” Gaskiya ya faɗa, kuma ga sana'ar da duk jarinta amana ce, wannan ya fi kowace gasa haɗari. Za a koma murfi mai zobe wanda ke tsinkewa idan an buɗe, a ƙara ledar da ake ƙanƙamewa da zafi a wuya, a kuma rubuta a takardar cewa kada a karɓi robar da zobenta ya tsinke. Hakan zai ƙara kusan Naira 35 a kan kowace roba. Yaya ya yi lissafi ya ce farashin zai ɗauka.

Mun yanke cewa ba za mu kai kaya baje kolin da ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kano, KACCIMA, ke shiryawa a bana ba. Ba na son a fara ganin sunan a bainar jama'a da gurbin lambar NAFDAC babu komai a ciki.

10 ga Disamba

Lissafin abin da aka kashe daga kuɗin da aka ware: lauya Naira 60,000, zane Naira 85,000, gwaji Naira 48,000, takardun da suka lalace Naira 22,500, sababbin takardu ɗari biyar Naira 55,000, robobi da murafu da ma'auni Naira 97,000. Jimla Naira 367,500, saura Naira 82,500. Asarar buhuna biyu ba ta cikin wannan lissafi, an sa ta a littafin saye.

Takardar rajistar CAC ta fito. Lauya ta kammala binciken alamar, za ta shigar da buƙatar a wannan makon da sunan da zanen tare. Kafin jami'an NAFDAC su zo duba wurin aiki, akwai gyare-gyaren da suka rage: raba ɗakin suya da ɗakin ɗuri, sa raga a tagogi, shimfiɗa tayil a inda ake cika robobi, da gwajin lafiyar ma'aikata. Magini zai kawo ƙiyasinsa ranar Asabar.

Ƙuli-ƙuli zai jira. Yana buƙatar tasa rajistar da irin ledar da ba ta barin iska ta shiga, kuma ina son a fara ganin yadda man zai karɓu da sabon sunan. A watan Janairu zan je ƙauye tare da Kawu domin zama da manoman a kan farashi da sharuɗɗan shanya, sannan a fara koya wa masu ɗuri yadda ake rubuta lambar rukuni a littafi, ta yadda duk robar da aka dawo da ita za a iya gano ranar da aka matse ta da buhun da ta fito.